Gidan Gem da Littafin Zane: Gurbin da Ake Bar wa Mai Karatu

Kura da Bunkure da Garun Malam, a Jihar Kano, sun yi suna ne da noman rani. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma jawo ruwan ta kanal zuwa filayen Kadawa, shinkafa da alkama da tumatir da albasa suka zama abin lissafin shekara a yankin. Abin ya shafi har yara. Inda ake noma damina da rani, yaro ba ya rasa ɗan aikin da zai samu na kashewa: dashen shinkafa, korar tsuntsu, tsinkar tumatir, kai kwando bakin titi. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa cikin shekarun 2000, wani kaso na waɗannan 'yan canji ya riƙa ƙarewa a gidan gem.

Yawanci shago ne guda mai rufin kwano, da benci, da talabijin mai ƙeya, da ɗan janareta a waje yana ta hayaƙi, tunda ba a dogara da wutar NEPA. Mutum biyu ke riƙe da fad, wato abin sarrafa wasan, sauran na tsaye a kansu, kowa na ba da shawarar da ba a nema ba. Wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ya zauna. Iyaye da malaman Islamiyya ba su so wurin ba, kuma suna da hujja, domin ya cinye wa yara da dama lokacin karatu, a wasu shagunan ma caca ta shiga. Duk da haka, waɗanda suka taso a lokacin, yau magidanta ne, idan hirar ta taso sai ka ga fuska ta saki. Wannan rubutu zai duba abin da ya sa wasannin suka zauna a zuciya haka, da yadda mai son rubuta labari zai ci moriyar sirrin ta hanyar nazarin littattafan zane.

Na'urorin da inda suka fito

Kusan dukkansu daga Japan ne. Kamfanin Nintendo ya fitar da Famicom a 1983, amma abin da ya fi isowa hannun yaran Kano kwaikwayonta ne da aka ƙera a Taiwan da Sin, ana sayowa a kasuwar Sabon Gari tare da kaset mai alkawarin ɗaruruwan wasanni, alhali 'yan kaɗan ne aka yi ta maimaitawa. A ciki ake samun Super Mario Bros. na 1985 da Contra. Sega ta kawo Mega Drive a 1988, wadda a kanta da yawa suka fara ganin Mortal Kombat. Sony ta zo da PlayStation a 1994, ta biyu kuma a 2000, daga nan ƙwallon Winning Eleven ta mamaye shagunan. Bayan shigowar wayar salula a 2001, wasan maciji na Nokia 3310 ya kai gem har cikin aljihun manya.

Waɗannan na'urori, musamman na farko, ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce ƙwarai. Super Mario Bros. gaba ɗayansa kilobait 40 ne, bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar yau ba. Saboda tsimi, gajimare da ciyayin da ke cikin wasan zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Shi kansa Mario, wanda Shigeru Miyamoto ya fara zanawa a wasan Donkey Kong na 1981, an sa masa hula ne don a huta da zana gashi, an ba shi gashin baki domin babu isasshen fili da za a fitar da baki.

Ƙarancin nan shi ne ya buɗe wa yaro ƙofa. Wasan bai gaya masa komai ba, abin da ya rubuta ma da Turanci ne ko Japananci. Don haka yaran suka riƙa ƙirƙira da kansu. Babban abokin gaba na ƙarshen mataki ya zama bos, kamar na fim ɗin Indiya. Wani ya rantse cewa sojojin Contra biyu wa da ƙane ne da aka kashe musu uba, wani ya ce ƙarya ne, abokai ne. A kan hanyar komawa gida ake ƙarasa labarin da na'ura ta fara. A ganina wannan ne asalin kewar da ake ji. Rabin abin da mutum yake tunawa shi ya gina shi da kansa, shi ya sa idan ya sake kunna wasan yau a waya sai ya tarar da shi ƙarami fiye da yadda ya bar shi.

Akwai kuma gwaninta ta gaske a ciki. Dubi farkon Super Mario Bros. An ajiye Mario a gefen hagu yana fuskantar dama, gabansa fili fetal, sai ka san inda za ka nufa ba tare da an faɗa ba. Wata 'yar halitta ta taho, in ka tsaya ta kashe ka, sai ka koyi tsalle. Ga akwati mai alamar tambaya a sama, ka doke shi da ka, wani abu ya fito ya gangara, ya bugi bututu ya dawo kanka, ka taɓa shi ka ƙara girma. Cikin ƙasa da minti ɗaya an koya maka dokokin duniyar, babu ko kalma guda. Miyamoto tun yana yaro burinsa ya zama mai zanen labarai, kuma matakan wasan a kan takarda mai gidaje-gidaje aka fara zana su da hannu kafin a shigar da su kwamfuta.

Abin da ke tsakanin akwati da akwati

Littafin zane labari ne da ake bayarwa da hotuna a jere, kowanne cikin akwatinsa, maganar mutane kuma cikin da'ira a saman kansu. Nijeriya ta daɗe da saninsa. A ƙarshen shekarun 1960 mujallar African Film ta kamfanin Drum ta yaɗu da labarin Lance Spearman, wanda da hotunan kyamara aka yi shi. Wale Adenuga ya fara Ikebe Super a 1976, inda Papa Ajasco ya fito. Yaran shekarun 2000 sun san Supa Strikas, labarin 'yan ƙwallo da ya samo asali daga Afirka ta Kudu. Daga baya Roye Okupe ya fitar da Malika, wadda ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. A Arewa kuwa, masu karanta Daily Trust sun san zanen Mustapha Bulama, wanda kan tattara rikicin mako guda cikin akwati ɗaya.

Wani Ba'amurke mai zane, Scott McCloud, ya wallafa littafi a 1993 mai suna Understanding Comics, inda ya nuna cewa babban aikin yana faruwa ne a farin layin da ya raba akwati da akwati, wurin da ba a zana komai ba. Bari mu gwada da misali na gida. Akwati na farko: dare ne, mutum na tsugune a bakin ƙaramar kanal da fartanya, yana waige. Akwati na biyu: gari ya waye, wani dattijo na tsaye a cikin tumatirinsa da ya yi yaushi, ƙasa ta tsage. Akwati na uku: mutanen biyu a ƙofar gidan mai unguwa, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Ba a nuna an karkatar da ruwa ba, ba a nuna cacar baki ba, amma duk wanda ya san yadda manomin ƙarshen kanal ke fama da na farkonta ya riga ya ji har kalaman da aka yi. Mai karatu ne ya aikata satar ruwan a cikin kansa, don haka ba zai manta da ita ba.

Shafin zane kamar gonar rani yake da aka yanka fangali-fangali: mai ban ruwa ba ya sakin ruwa gaba ɗaya, sai wannan ya sha sannan ya fasa wa na gaba. Haka mai zane ke sarrafa lokaci. Ƙananan akwatuna a jere suna sa ido gudu, sun dace da faɗa ko tsere. Babban akwati da ya cinye rabin shafi yana tsayar da mai karatu. Abin mamaki kuma ana ɓoye shi ne a bayan shafi, sai an juya a gan shi, saboda haka akwatin ƙarshe na kowane shafi yakan zama tambaya. McCloud ya lura cewa masu zanen Amurka sun fi tsallakawa daga aiki zuwa aiki, na Japan kuwa sukan kashe akwatuna da dama a kan yanayi kawai: ɗigon ruwa daga indararo, takalmi a bakin ƙofa, tukunya a kan wuta. Littattafan Japan daga dama zuwa hagu ake karanta su, abin da ba zai ba wanda ya yi makarantar allo wahala ba.

Yadda marubuci zai yi nazari

Babbar matsalar sabon marubucinmu, musamman a labaran da ake rubutawa a waya ana rarrabawa ta WhatsApp, ita ce rashin yarda da mai karatu. Jaruma za ta tashi daga barci, a bi ta banɗaki, a bi ta madafa, a lissafa abin da ta dafa da kayan da ta sa, sannan in ranta ya ɓaci a ce ya ɓaci, a sake cewa ya ɓaci matuƙa. Mai zane ba shi da wannan damar. Kowane akwati aikin sa'o'i ne a wurinsa, dole ya zaɓi wanda in babu shi labari ya rushe.

Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya ɗauki shafi guda na littafin zane mai kyau, ya rufe maganganun da yatsa, ya ga nawa ya fahimta daga tsayuwar jiki da inda ido ke kallo. Sannan ya rubuta shafin da zube, jimla ɗaya ga kowane akwati, ya duba abin da mai zanen ya tsallake. Daga nan sai ya juya aikin: ya ɗauko babi daga nasa rubutun, ko wata tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ya tilasta mata shiga akwatuna tara. Ba sai ya iya zane ba, da'ira da sanduna sun isa su zama mutum. Abin da ya ƙi shiga cikin taran, sai a tambaye shi dalilin zamansa a babin. Sau da yawa za a tarar babin ya fara ne a akwati na huɗu, na gabansa duk share fage ne.

Sai dai kowane fanni da iyakarsa. Daga gem ana koyon yadda wahala ke ƙaruwa mataki-mataki, amma wanda ya kwafe tsarin yadda yake zai samu irin wasu littattafan yaƙi da jarumi ke kashe bos bayan bos har shafin ƙarshe, shi kuwa yana nan yadda ya fara, bai yi asarar komai ba. A gem kana da rai uku, a labari kuwa abin da ya tafi dole ya tafi, in ba haka ba mai karatu ba zai ji tsoro ba. Shi ma zane ba ya iya ɗaukar habaici da karin magana da daɗin zance irin wanda Abubakar Imam ya zuba a Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930. Ko da yake shi ma Imam ya san sirrin riƙe mai sauraro: akunsa na jan labari ne don ya hana ɗan sarki fita, kowane dare da abin da zai sa a ƙara zama. Irin wannan daɗin zance sai a littafi da bakin tsofaffi ake koyonsa.

Inda dabarar akwatuna ta fi saurin biya shi ne fim. Kamfanin Disney ne ya daidaita al'adar zana fim akwati-akwati a manna a bango kafin a fara aiki, a farkon shekarun 1930, kuma har yau manyan masu shirya fim a kanta suke. Matasan da ke ɗaukar gajerun bidiyoyin barkwanci da waya a Kura ko Bunkure suna iya yin haka da takardar makaranta da biro: a zana inda kyamara za ta tsaya, wa zai shigo ta ina, a wane hoto za a yanke. Yana rage ɓata caji da lokacin 'yan wasa, yana kuma nuna tun kafin a fita ko labarin zai fahimtu ga wanda ya kalle shi babu sauti, kamar yadda mutane da yawa ke kallon bidiyo a cikin mota ko a bakin shago.