Kurmin Bakin Teku: Garkuwar Ƙasa Daga Igiyar Ruwa

A kudancin Nijeriya, inda Kogin Kwara ya rarrabu ya shiga teku, akwai wani irin kurmi wanda Turawa ke kira mangurof. Kada a ɗauka mangwaro ne, gama ba su da dangantaka. Itatuwan nan suna tsirowa ne cikin taɓo, inda ruwan kogi ke gauraya da ruwan gishiri, kuma duk Afirka babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawansu.

Irin da ya fi yawa a wajen Warri da Fatakwal shi ne mai jan ciki. Saiwoyinsa daga jikin itacen suke fitowa, su lanƙwaso su kafu cikin laka, su sarƙe da na kusa da su kamar saƙar zana. Idan igiyar ruwa ta taso daga teku, sai ta tarar ba fili. Tilas ta kutsa tsakanin saiwoyi da rassa, kowane ɗaya yana rage mata ƙarfi, har ta isa tudu a gajiye. Masana sun auna, sun tarar cikin mita 100 na kurmi tsayin igiya yakan ragu da kashi 13 har zuwa 66 cikin ɗari, gwargwadon cunkushewar itatuwan. Har wa yau, da ruwa ya lafa, sai lakar da ya ɗauko ta kwanta, saiwoyi su riƙe ta, gaɓa ta tsira daga zaizaya.

An ga shaidar wannan a ƙasar Indiya. Cikin 1999 wata babbar guguwa ta koro teku bisa jihar Orissa, mutum wajen 10,000 suka hallaka. Da aka bincika, sai aka ga ƙauyukan da kurmi mai faɗi ya tsare sun fi ƙarancin mamata. Abin lura a nan shi ne faɗin. Siririn layin itatuwa ba ya tare babbar ambaliya.

Amma kurmin Nijeriya yana shan wuya. Ana sararsa don itacen girki da ƙyafe kifi. Man fetur da ya malala a Bodo, ƙasar Ogoni, cikin 2008, ya kashe itatuwa masu yawa. Sa'an nan wani baƙon kwakwa mai suna nipa, wanda aka kawo Kalaba cikin 1906, yana mamaye wuraren da aka sare.

Hakimai da malamansu sun san aikin layukan darbejiya da aka dasa a Arewa don tare iska da rairayi. To, aikin ɗaya ne, sai dai nan iska ake tarewa, can kuwa ruwa. Itacen da gatari ya kayar cikin yini guda, sai an yi shekaru kafin a sami madadinsa.