Hoton da ke Tona Ciwon Jijiyar Gani

 Yau mun nufi yammacin Zamfara, ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, ɗauke da tambayar da ke ci wa iyaye tuwo a ƙwarya: yaya ido zai kasance a buɗe garau, ba yana, ba ja, amma mai shi ya ce duhu yake gani?

A ƙauye akan ce iska ce, ko sammu. Likitan ido kuwa jijiyar gani yake fara tuhuma. Ita ce ke kwasar abin da ido ya gani ta kai wa ƙwaƙwalwa, kuma zare sama da miliyan ɗaya ne a cikinta. Bakinta yana can ƙuryar ido, faɗinsa bai kai milimita 2 ba, kuma Allah cikin ikonsa ya sa ana iya hango shi ba tare da an tsaga komai ba.

Ga yadda ake yi. Mara lafiya ya zauna, ya ɗora haɓa a kan na'ura. Wani lokaci a ɗiga masa magani don baƙin idon ya buɗe. Haske ya walƙa sau ɗaya, hoto ya fito a kwamfuta. Lafiyayyar jijiya ja-ja take, da gefe a fili. Idan gefen ya dushe ta kumbura, wataƙila ruwa ya matsa wa ƙwaƙwalwa, wannan kuwa ba a kwana da shi. Idan tsakiyarta ta zurma kamar ludayi, ana zargin hawan jinin ido. Idan kuwa ta yi fari fat, zaruruwan sun mutu, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa.

Mutanen wannan yanki sun san abin da ke taɓa jijiya. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a garuruwa irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara ankara da yawan mace-macen. Dalma kan kumbura ƙwaƙwalwar yaro, kuma cikin waɗanda suka rayu akwai masu larurar gani. Sai kuma sanƙarau da ya ɓarke a Zamfara a ƙarshen 2016, shi ma yakan bar yaro da busasshiyar jijiya.

Amma wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne hawan jinin ido, domin galibi ba ya ciwo. Daga gefe yake cin gani, a hankali, har mutum ya fara tuntuɓe da turmi a tsakar gidansa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna shi ne na biyu wajen makantar da 'yan Najeriya, bayan yanar ido. Ita yana ana cire ta gani ya dawo. Shi kuwa sai dai a tsayar da shi inda ya kai. Akwai na'urar OCT, wadda masana a Amurka suka fito da ita a 1991, tana auna kaurin zaren jijiyar, ta gano ɓarnar tun kafin mai idon ya lura.

To, ina manomin Gummi ina Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA a Kano, ga tsadar mota, ga fargabar hanya? A ganinmu hoton ya kamata ya yi tafiyar. Yau akwai ƙananan kyamarorin ido na hannu. Ma'aikacin jinya da aka horar zai ɗauki hoto a babban asibitin garinsu, ya tura ta waya ga ƙwararre a Gusau ko Sakkwato. Muna kira ga gwamnatin jiha ta samar da su.

Ke uwa, idan yaronki ya tashi daga sanƙarau ko suma, ya daina bin haske da ido, ki kai shi asibiti. Kai kuma Malam, idan ka haura shekara 40, ko akwai wanda ya makance a danginku, ka je a duba maka bayan ido ko da kana gani sarai.