Audugar Afirka a Teburin Geneva

A watan Yunin 2003 shugaban Burkina Faso na lokacin, Blaise Compaoré, ya taka da kansa zuwa Geneva, hedikwatar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, wato WTO, ɗauke da kukan ƙasashe huɗu: tasa da Benin da Mali da Chadi. Kukan shi ne, manomansu suna noma auduga da arha fiye da manoman Amurka, amma kullum su ake kayarwa a kasuwa. Gwamnatin Amurka tana zuba wa manoman audugarta, waɗanda ba su wuce 25,000 ba a lokacin, tallafin biliyoyin daloli. Wanda gwamnati ta riga ta cike masa giɓi ba ya tsoron faɗuwar farashi. Sai ya ci gaba da noma, kaya su yi yawa, farashi ya ƙara karyewa. Mai fartanya a kudancin Chadi shi ke kwana a ciki.

Yaya aka yi doka ta ƙyale haka? Tun da aka kafa yarjejeniyar kasuwanci ta GATT a 1947, manyan ƙasashe sun yarda a sassauta harajin kayan masana'antu, inda suke da ƙarfi, amma suka killace noma. Sai a zagayen tattaunawar Uruguay, daga 1986 zuwa 1994, aka shigo da shi cikin ƙa'ida. A nan ne aka yi dabarar da har yau take cin talaka. An ce kowace ƙasa ta rage tallafi gwargwadon abin da take bayarwa a shekarun 1986 zuwa 1988. Amurka da Turai suna bayar da mai yawa, don haka ko bayan ragi sun tsira da kaso mai tsoka. Yawancin ƙasashen Afirka kuwa a daidai wannan lokaci Bankin Duniya da asusun IMF ke matsa musu su janye tallafin taki da iri. Kusan hannu rabbana suka zo, aka rubuta musu ɗan abin da ba zai wuce kashi 10 cikin 100 na darajar amfanin gona ba. Rabon kura da akuya ke nan, kuma da sa hannun kowa.

Batun auduga na cikin abubuwan da suka watsa taron ministocin WTO na Cancun a ƙasar Meziko a Satumbar 2003. A Hong Kong a 2005 aka yi alkawarin gaggauta shi. A Nairobi a 2015 aka amince a soke tallafin fitar da amfanin gona waje, kuma wannan ci gaba ne na gaske, sai dai tallafin cikin gida, wanda shi ne asalin ciwon, yana nan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne labarin Brazil. Ita ta kai ƙarar Amurka gaban WTO kan auduga a 2002, Benin da Chadi suka shiga a matsayin masu ruwa da tsaki, kuma ta yi nasara. Da Amurka ta yi ta jan ƙafa, aka ba Brazil izinin ramuwa, har da taɓa haƙƙin mallakar fasahar kamfanonin Amurka. Nan take aka zauna sulhu. Daga 2010 Amurka ta riƙa biyan ɓangaren audugar Brazil kusan dala miliyan 147 a shekara, sannan a 2014 ta biya miliyan 300 aka rufe shari'ar. Brazil tana da kasuwar da Amurka ke tsoron rasawa. Mali ko Chadi in sun ce za su rama, da me?

Ƙasashen huɗu dai sun samu an ware 7 ga Oktoba a matsayin Ranar Auduga ta Duniya. Taron ministocin WTO na Abu Dhabi a 2024, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala ke shugabantar ƙungiyar, ya tashi ba tare da matsaya kan noma ba.