Idan Hoverboard Ya Kama da Wuta, Wa Zai Biya Diyya?

A Yulin 2016, hukumar CPSC mai kula da amincin kayan masarufi a Amurka ta sanar da janye hoverboard sama da 500,000 daga kasuwa. Allo ne mai taya biyu da ake hawa a tsaye, batirinsa kan yi zafi har ya kama da wuta.

A yawancin jihohin Amurka, wanda ya jikkata ba sai ya tabbatar da sakacin kamfani ba. Idan ya nuna kayan na da aibi, kuma aibin ne ya cutar da shi, ya wadatar. Sai dai akasarin masana'antun suna Sin, inda sammaci ke wuyar isa. Shi ya sa ake komawa kan masu sayarwa: a 2021 wata kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta ce ana iya ɗora wa Amazon alhakin allon da wani ɗan kasuwa ya sayar ta shafinta. A ganina, kotun ta yi adalci.