Annobar korona: Yadda aka zaɓi waɗanda za a fara yi wa allurar riga-kafi a Najeriya

A ranar 2 ga Maris, 2021, jirgin sama ya sauka a filin jiragen sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja ɗauke da allurar riga-kafin korona samfurin AstraZeneca kusan miliyan huɗu, ƙarƙashin shirin COVAX. Al'ummar Najeriya ta haura miliyan 200, kuma kowane mutum allura biyu yake buƙata, ke nan abin da ya iso da ƙyar zai ishi mutum ɗaya cikin ɗari. Dole sai an yanke shawarar wanda zai fara.

Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, NPHCDA, wadda Dakta Faisal Shu'aib ke shugabanta a lokacin, ta kasa aikin mataki-mataki, ta sa ma'aikatan lafiya a sahun gaba. Ranar 5 ga Maris aka fara da Dakta Cyprian Ngong a Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Hujjar ita ce su ne suka fi cuɗanya da masu cutar, kuma idan likita ɗaya ya kwanta, har mai naƙuda da wanda ya yi haɗarin mota sai sun rasa mai duba su.

Abin da ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne shigar da manyan shugabanni cikin wannan sahu. Washegari aka yi wa Shugaba Muhammadu Buhari da mataimakinsa Yemi Osinbajo allurar a gaban kyamarori. Wasu sun ɗauki hakan a matsayin tsallake layi. Amma a ƙasar da jita-jita ta taɓa sa Jihar Kano dakatar da riga-kafin shan-inna a 2003, ganin shugaba ya miƙa dantsensa yana da amfanin da ba za a raina ba.

Mataki na biyu ya ƙunshi masu shekara 50 zuwa sama da masu fama da cututtuka irin su ciwon suga da hawan jini, domin su cutar ta fi kashewa. Ba kowace ƙasa ce ta bi wannan tsari ba. Birtaniya ta fara da mazauna gidajen kula da tsofaffi da waɗanda suka kai shekara 80, ita kuwa Indonesiya da farko ta fifita masu shekara 18 zuwa 59, wato masu fita neman abinci.

Zaɓi mafi wuya ya zo ne a watan Afrilu. Indiya, inda ake sarrafa allurar, ta tsayar da fitar da ita saboda annobar ta yi mata katutu. Sai gwamnatin tarayya ta umarci jihohi su daina yi wa sababbin mutane da zarar sun yi amfani da rabin kasonsu, a ajiye saura don zagaye na biyu. An gwammace mutum ɗaya ya samu cikakkiyar kariya a kan mutum biyu su samu rabi-rabi. Birtaniya, wadda ke da tabbacin samun ƙari, ta tsawaita tazarar zuwa mako 12 don allurar farko ta isa ga mutane da yawa.

Kafin ƙarshen shekarar al'amarin ya juya. Gudummawar ƙasashe masu arziki ta riƙa isowa wa'adinta na dab da cika, jama'a kuma na ɗari-ɗari, har a watan Disamba hukumomi suka lalata allura fiye da miliyan ɗaya a Abuja.