Me Ya Sa Dodannin Pokémon Ke Faɗa Ba Tare da Sun Taɓa Juna Ba?

Duk wanda bai saba da wasannin Pokémon ba, in ya leƙa allon mai bugawa, yadda ake faɗan ne zai fara ɗaure masa kai. Ga dodanni biyu tsaye nesa da juna. Ɗaya ya ɗan zabura a inda yake, haske ya walƙata a jikin ɗayan, sai layin da ke nuna sauran ƙarfinsa ya ragu. An kai naushi ke nan, alhali hannu bai sauka a jiki ba.

Asalin abin shi ne faɗan na bi-da-bi ne. Mai wasa zai zaɓi hari ɗaya cikin huɗun da dodonsa ya iya, na'ura ta auna ƙarfin mai kai hari da taurin wanda za a buga, ta duba ko wuta ce ta haɗu da ciyawa ko ruwa ne ya haɗu da wuta, ta fitar da sakamako. Kafin komai ya motsa a allo an gama shari'a. Aikin motsin kawai ya sanar da ido abin da lissafi ya riga ya yanke, ya kuma sa mutum ya ji nauyin bugun.

Lokacin da kamfanin Game Freak na Japan ya fitar da wasan farko a 1996, a kan ƙaramar na'urar Game Boy marar launi, dodanni 151 ne, kuma kowanne hoto ne a sandare. Dabarar da ta rage wa masu zane ita ce su girgiza allo, su sa shi ƙyaftawa, ko su jefa 'yan ɗige-ɗige daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ƙyaftawar nan ma ta zama abin tsoro daga baya. A Disamban 1997 wani shirin zanen Pokémon na talabijin ya nuna walƙiyar ja da shuɗi da sauri, aka kwashi masu kallo 685 zuwa asibitoci a Japan, galibinsu yara. Da aka sake fitar da tsofaffin wasannin a 2016, sai da aka rage walƙiyar wasu hare-hare.

Motsi ya shigo ne da kaɗan-kaɗan. A wasan Pokémon Crystal na 2000 dodo kan ɗan motsa idan ya fito fili, sannan ya sake sandarewa. A Black da White na 2010 suka fara motsi ba tsayawa, sai X da Y na 2013 suka mai da su masu cikakkiyar siffa, da gaba da baya da gefe.

A nan ne matsalar ta fito fili. Muddin hoto a sandare yake, tunanin mai wasa ne ke cike giɓin. Da dodo ya samu ƙafafu masu lanƙwasa, sai ido ya fara neman ganin shurin. To amma yau dodannin sun kai 1,025, hare-hare kuma sun haura 900. Wani dodon kifi ne, wani maciji, wani dunƙulen ƙarfe ne mai shawagi, wani bai kai kyanwa ba, wani ya fi ɗaki tsawo. Babu kamfanin da zai zana yadda kowanne zai yi kowane hari a kan kowane abokin gaba. Sai aka raba aikin biyu: kowane dodo da 'yan motsinsa da ake maimaitawa, na duka, na harbi daga nesa, na shan bugu da na faɗuwa, kowane hari kuma da nasa adon na wuta ko ƙura da ake ɗora wa duk wanda ya yi shi.

Wannan dabara ce ta jawo surutu a 2019. Junichi Masuda, ɗaya daga cikin manyan Game Freak a lokacin, ya sanar cewa ba duk dodanni ne za su shiga sababbin wasannin Sword da Shield ba, kuma cikin dalilansa har da ingancin motsi. Sai masoya wasan suka yi ta yaɗa bidiyon wani hari mai suna Double Kick, inda dodo ke ɗan tsalle sau biyu a tsaye ba tare da ya ɗaga ƙafa ba, kamar ɗan damben da ya tuma a gefen fage abokin karawarsa ya faɗi a tsakiya. Suka riƙa kwatanta shi da Pokémon Stadium na Nintendo 64, inda ko faɗuwar kowane dodo da irin salonta. Ƙorafinsu na da tushe, sai dai Stadium faɗa kaɗai ya sa a gaba, kuma dodanninsa ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda ake da su a 2019 ba.

Ni kuwa abin da nake ganin ya fi kyawun motsi muhimmanci shi ne tsawonsa. Mai wasa zai yi faɗa ɗaruruwa kafin ya kai ƙarshe, kuma harin da ya burge shi ranar farko shi ne zai gundure shi bayan mako guda. Manyan hare-haren Sun da Moon na 2016, masu farawa da rawar mai horar da dodon, sun gwada haƙurin mutane da yawa. Gudun irin wannan gundura ne ya sa tun a wasan farko aka tanadi wurin kashe motsin hare-hare ga mai sauri. Scarlet da Violet na 2022 suka zo babu wannan zaɓin, don haka ko mutum ya ga hari sau dubu, dole ya zauna ya sake kallonsa har ƙarshe.