Idan Mai Raunin Ƙwaƙwalwa Ya Faɗa Hannun Hukuma

Jama'a kan yi wa abubuwa biyu kuɗin goro, alhali ba ɗaya ba ne. Raunin ƙwaƙwalwa tun ƙuruciya yake bayyana: yaro ya yi jinkirin magana, karatu ya gagare shi, ya girma bai iya lissafin canji ba. Likitoci kan duba ko makinsa a gwajin basira bai kai 70 ba, da kuma yadda yake iya kula da kansa. Shi kuwa taɓin hankali ciwo ne da kan zo wa kowa, kuma ana maganinsa. Matsalar ita ce masu raunin ƙwaƙwalwa sun fi sauran mutane kamuwa da shi, kuma ba a cika ganewa ba. Idan mutum ya fara jin muryoyi ko ya daina barci, sai 'yan gida su ce ai dama haka yake.

Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya haɗa rajistar masu wannan naƙasa da bayanan 'yan sanda a jihar Victoria ta Ostareliya. Ya nuna cewa idan taɓin hankali ya hau kan raunin, haɗarin aikata laifi yakan ƙaru, haka ma haɗarin a cuce su. Wannan ɓangare na biyu shi ake yawan mantawa. Mafi yawansu ba su taɓa taka ƙofar caji ofis ba, waɗanda suka taka kuma sau da yawa turo su aka yi. Ɓata-gari su ba mutum ƙunshi ya kai wani wuri, ko su ce ya tsaya bakin lungu ya duba hanya. Da an ji jiniya kowa ya ranta a na kare, shi kaɗai ake samu a tsaye.

Inda abin ya fi muni shi ne ɗakin tambayoyi. Mutumin da ya saba faranta wa na gaba da shi, duk abin da aka tambaye shi "eh" zai ce, don kawai a ƙyale shi. A Ingila, Stefan Kiszko, ma'aikacin ofishin haraji wanda hankalinsa bai kai shekarunsa ba, ya amsa laifin kashe wata yarinya bayan an kwashe kwanaki ana yi masa tambayoyi babu lauya. A zatonsa idan ya amsa za a bar shi ya koma gida. An ɗaure shi a 1976, taɓin hankali ya same shi a kurkuku, sai a 1992 aka wanke shi. Bai cika shekara biyu da fitowa ba ya rasu, ainihin mai laifin kuwa sai a 2007 aka hukunta shi. Dokar Ingila ta 1984 ta wajabta a samu wani baligi ya zauna tare da irin wannan mutum lokacin tambayoyi. A Amurka ma, kotun ƙoli ta hana zartar wa masu raunin ƙwaƙwalwa da hukuncin kisa a 2002.

Mu ma a Najeriya ba doka muka rasa ba. Sashe na 51 na kundin Final Kod ya ɗauke laifi daga wanda gushewar hankali ta hana shi sanin abin da yake yi, malaman fiƙihu kuma sun daɗe da yin wannan rangwame. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Amma doka a takarda ba ta gane mara lafiya. Kafin a ce likita daga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Kware ya duba shi, mutum ya shekara yana jiran shari'a.

Don haka, idan an kama ɗan'uwanka mai wannan larura, kada ka ɓoye don kunya. Ka je da katin asibitinsa da magungunansa, ka sanar da jami'in da ke binciken, ka kuma nemi kada a ɗauki bayaninsa sai lauya na nan.